Daga Duwala Zuwa Gadar Ngeli: Ƙwayoyin Batirin Litiyam da Haɗarin Ɗaukarsu

 

Shugaban wannan zama, Allah ya ƙara girma. Iyayenmu malamai, Allah ya gafarta muku. Alhazai da Hajiyoyi 'yan kasuwa, direbobi da 'yan kamasho, samarinmu masu gyaran waya da masu haɗa sola, barkanku da zuwa.

An ce in yi magana a kan batir, kuma tun da farko ina so hankalin kowa ya kwanta, ban zo hana kowa sana'arsa ba. Garin da wuta ke zuwa ta koma yadda ta ga dama, ga zafin bazara da ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, ba shi da yadda zai yi ya rabu da batir. Ko manyan tashoshin sola da aka kafa a Marwa da Gider domin tallafa wa madatsar Lagdo, da rumbunan batir aka haɗa su. Batir ya zauna da gindinsa a arewacin Kamaru, abin da ya rage shi ne yadda zai riƙa iso mana ba tare da ya ci ran kowa a hanya ba.

Ba kowane batir nake nufi ba. Maganata a kan ƙwayoyi ce, wato batirin litiyam da bai shiga cikin waya ko fitila ko kwamfuta ba, ba a kuma haɗa shi da 'yan'uwansa an rufe cikin akwati ba. Iri biyu suka fi yawa a hannunmu. Akwai 'yar ƙaramar nan mai siffar gora da ake kira 18650, saboda kaurinta milimita 18 ne, tsayinta 65. Ita ce a cikin tocila, da fanka mai caji, da fawa banki, da batirin kwamfutar hannu. Nauyinta wajen giram 45, ƙarfinta bolt 3.6 ko 3.7, idan ta cika ta kai 4.2. Akwai kuma manyan nan masu kusurwa huɗu, galibi da shuɗiyar riga, waɗanda masu sola ke jera 16 su ba da bolt 51.2 ga inbata. Ɗaya daga cikin masu amfiya-awa 280 tana riƙe da wat-awa 896, nauyinta ya haura kilo 5. Ku auna: ƙaramar ƙwaya mai matsakaicin ƙarfi wat-awa 9 take riƙewa. Ke nan babba guda ɗaya daidai take da katan mai ƙananan guda 100.

Me ke cikinta da har duniya ta yi mata doka ta musamman? Idan aka warware ƙwaya za a ga faifai biyu dogaye an naɗe su tare, ɗaya na tagulla ɗaya na alminiyam, kowanne an shafe shi da sinadari, a tsakaninsu kuma wata leda ce wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. An jiƙa su duka da wani ruwa mai kama wuta. Wannan leda ita kaɗai ce ta raba ɓangarorin biyu. Idan ta huje, ko don an buga ƙwayar, ko an danne ta, ko tun daga masana'anta wani ɓurɓushin ƙarfe ya maƙale a ciki, sai wutar da aka tara ta zube wuri ɗaya. Wurin ya yi zafi. Da zafin ya kai wajen digiri 130 ledar ta fara narkewa, hujin ya ƙaru, zafin ya ƙaru, sinadaran su fara dafa kansu da kansu. Cikin daƙiƙoƙi ƙwayar ta haura digiri 600, ta fesar da iskar gas da harshen wuta. Ta kusa da ita ta ɗauka, ita ma ta miƙa wa ta gaba. Kamar gobarar zana ce a lokacin hunturu, gidan da ya fara ba shi ne abin tsoro ba, jerin da ke bayansa ne. Wani abin da ya sa kashe ta ke da wuya shi ne, a yawancin ire-iren ƙwayoyin, sinadarin ciki yana sakin iskar da wuta ke ci da ita idan ya yi zafi, don haka rufe ta da bargo ba ya tsayar da abin da ke gudana a ciki. Manyan shuɗayen nan, masu sinadarin ƙarfe da fosfet, sun fi haƙuri ƙwarai, shi ya sa masu sola suka fi son su. Amma su ma suna fitar da gas mai kama wuta idan aka ƙure su, kuma doka ba ta ware su ba.

Masu gyara, ga wani abu da na san kun sani amma 'yan dako da yaran shago ba su sani ba. Jikin 18650 gaba ɗayansa, daga gindi har wuya, waya ɗaya ce, wato ɓangaren ragi. Ɓangaren ƙari shi ne ɗan maɓallin da ke ka. Tazarar da ke tsakaninsu a wuyan ƙwayar 'yar kaɗan ce, wani siririn zobe da rigar leda ne kawai suka kare ta. Rigar ta yage, kusa ko makulli ko wata ƙwayar ta taɓa wurin, shi ke nan an haɗa. To ku dubi yadda ake zuba su cikin buhu kamar goro, a jefa bayan mota.

Wannan ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ta kasa kaya masu haɗari gida 9, ta sa batirin litiyam a gida na 9, ta kuma ba shi lambobi. Batir mai caji da ke tafiya shi kaɗai, lambarsa UN3480. Wanda ke cikin na'ura, ko aka ɗaure shi katan ɗaya da na'urarsa, UN3481. Marar caji kuwa, irin na agogo da makullin mota, UN3090 da UN3091. Lamba ɗaya ce ta raba 3480 da 3481, amma a wajen kuɗin ɗauka da sharuɗɗa tazarar mai nisa ce. Dalilin a fili yake. Katan ɗin waya 100 yawancinsa roba ne da gilashi da kwali, kowane batir yana ɗakinsa, yana da ɗan allon da ke tsaronsa. Katan ɗin ƙwayoyi 100 kuwa wuta ce zalla, kafaɗa da kafaɗa.

Dokar nan da rayuka aka rubuta ta. Ranar 3 ga Satumba 2010 wani jirgin kaya na kamfanin UPS, ƙirar Boeing 747, ya tashi daga Dubai zai je Kolon ta Jamus. Bayan minti 20 da 'yan kai ƙararrawar gobara ta kaɗa. Matuƙan biyu suka juyo, amma hayaƙi ya cika ɗakin tuƙi har ba sa ganin allon da ke gabansu. Iskar shaƙa ta babban matuƙin ta yanke, ya tashi neman wata, bai dawo kujerarsa ba. Mataimakinsa ya yi ta fama shi kaɗai, ya wuce filin jirgin bai iya sauka ba, jirgin ya faɗi a wajen birnin. Duka biyun suka rasu. Binciken hukumar jiragen saman Daular Larabawa ya gano batura fiye da 81,000 a cikin kayan, kuma wasunsu ba a bayyana su a matsayin kaya masu haɗari ba. Ko shekara ba a cika ba, ranar 28 ga Yuli 2011, jirgin kayan Asiana ya kama wuta ya faɗa teku kusa da tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, shi ma da batura da fenti cikin kayansa, matuƙa biyu suka tafi. Da hukumar jiragen saman Amurka ta yi gwaje-gwaje, sai ta ga iskar halon da jirage ke kashe gobara da ita tana kashe harshen wuta amma ba ta hana ƙwaya miƙa wa ƙwaya zafi.

Daga 1 ga Afrilu 2016 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana ɗora UN3480 a matsayin kaya cikin kowane jirgin da ke ɗauke da fasinja. Sai jirgin kaya zalla. Ko a can ma, cajin ƙwayar kada ya wuce kashi 30 cikin 100, domin ƙwayar da ba ta cika ba ta fi wuyar tashi, in ma ta tashi ba ta cika kunna ta kusa da ita ba. Akwai iyaka ta girma: ƙwayar da ba ta wuce wat-awa 20 ba, ko haɗaɗɗen batirin da bai wuce 100 ba, yana da ɗan sassauci, katan kada ya wuce kilo 10. Abin da ya haura haka sai katan na musamman mai hatimin Majalisar Ɗinkin Duniya, iyakarsa kilo 35. Kowace ƙwaya a killace take yadda ba za ta taɓa wata ba. A jikin katan akwai alamar gida na 9, ratsin baƙi 7 a sama da hoton batir mai wuta a ƙasa, sannan takarda ruwan lemo mai cewa jirgin kaya kaɗai. Wanda ya koyi aikin ne ke cike takardar bayyanawa ya sa hannu. Ƙwayar da ta kumbura, ko ta yoyo, ko masana'anta ta ce a dawo da ita saboda aibi, ba ta hawa jirgin sama kwata-kwata.

Bari in ɗan ratse saboda Alhazanmu masu zuwa Guwanju da Dubai ta Adis Ababa, da masu tashi daga Injamena ko Garwa. Batirin da ba ya cikin na'ura, har da fawa banki, ba ya shiga jakar da ake aunawa a kai ƙarƙashin jirgi. A hannu ake riƙe shi, kuma na amfanin kai ne, ba na sayarwa ba. Tun ƙarshen Yuni 2025 ma Sin ta hana shiga jiragenta na cikin gida da fawa bankin da ba shi da hatimin ingancin ƙasar, bayan gobarar da ta cinye wani jirgin Air Busan a filin jirgin Gimhae cikin Janairun shekarar. Wanda ya naɗe ƙwayoyi cikin atamfa ya tura ƙasan jirgi, ya tuna shi ma a saman kayan yake zaune.

Yanzu ga takardar da nake so kowane mai odar kaya ya riƙe sunanta: gwajin UN 38.3. Kafin a yarda wani samfurin ƙwaya ya hau jirgi ko mota, sai ya ci jarrabawa 8. Ana sa shi inda iska ta yi ƙaranci kamar can ƙololuwar sama. Ana kai shi digiri 72 na zafi a dawo da shi 40 ƙasa da sifiri, a maimaita sau 10. Ana jijjiga shi, a buga shi, a haɗa bakinsa biyu da gangan, a danne shi, a yi masa cajin da ya wuce kima, a kuma zuƙe shi da ƙarfi. Tun 1 ga Janairu 2020 wajibi ne masana'anta da dillalanta su ba da taƙaitaccen sakamakon wannan gwaji ga wanda ya nema. Shafi ɗaya ne ko biyu, da sunan masana'anta, da sunan ɗakin gwajin, da lambar samfurin. Ka nema ta WhatsApp kafin ka tura kuɗi, ka kuma duba ko lambar da ke takardar ita ce a jikin ƙwayar. Dillalin da ya fara kewaye-kewaye ya riga ya ba ka amsa. Haka wanda ya turo maka 18650 an rubuta mata mAh 9,900 a jiki. Manyan masana'antun duniya, su Panasonic da Samsung da LG, abin da suka saba fitarwa a wannan girma bai wuce wajen 3,500 ba. Wanda ya yi maka ƙarya a rubutun waje, me zai hana shi a ledar ciki?

Yawancin kayanmu ta ruwa suke zuwa, kuma can dokar IMDG ce ke aiki. Ta fi ta sama sauƙi, nauyi ba matsala ba ne, amma sharaɗin asali ɗaya ne: a killace kowace ƙwaya, a sa alama, a faɗi gaskiyar abin da ke cikin kwantena, domin kyaftin ya san inda zai ajiye ta nesa da zafi da ɗakunan ma'aikata. Nan ne ake cuwa-cuwar. Kwantenar kaya masu haɗari ta fi tsada, ta fi jinkiri, wasu jiragen ma ba sa karɓa. Sai a rubuta kayan lantarki, ko kayan gyara, ko fitilu. Ranar 19 ga Agusta 2021 wata kwantena ta kama wuta a kan titi tana hanyar tashar jirgin ruwan Bajiniya a Amurka, za a kai ta Sin. Tsofaffin batura ne a ciki, takardar lodi kuma ta ce kayan kwamfuta. Wutar ta huda ƙarfen kwantenar. Da ta jinkirta kwana kaɗan, a tsakiyar teku za ta tashi. Kamfanonin jiragen ruwa sun gaji da wannan, a 2019 Hapag-Lloyd ya sa tarar dala 15,000 a kan kowace kwantenar da aka ɓoye haɗarinta. Inshora ma ba ta biyan kayan da aka yi ƙarya a sunansu. Idan wakilinka na Guwanju ya ce maka kada ka damu, ya san yadda zai shigar da su cikin kayan jama'a, to ka sani sunanka ne a kan katan ɗin, ba nasa ba.

Duk wannan shimfiɗa ce. Ga inda maganar ta shafe mu.

A ce an yi komai daidai. Ƙwayoyi masu kyau, katan mai hatimi, takardu cikakku, kwantena ta sauka lafiya a Duwala ko Kiribi. Daga nan zuwa gadar Ngeli, wadda ta haɗa Kuseri da Injamena, tafiyar kusan kilomita 1,800 ce. Ko dai jirgin ƙasa ya kawo ta Ngaundere, inda dogo ya tsaya tun 1974, ko mota ta ɗauko ta tun daga bakin ruwa. Daga Ngaundere sai gangaren dutsen nan da kowane direba ke addu'a kafin ya sauka, sai Garwa, sai Marwa, sai Mora. Daga Mora zuwa Waza, Dabanga, har Kuseri, ba sai na ba ku labari ba. Aikin wannan hanya ya tsaya lokacin da aka sace ma'aikata 'yan Sin su 10 a Waza cikin Mayu 2014, kuma shekarun da suka biyo baya direbobi ne suka biya da gadon bayansu da sifirin motocinsu. Jijjigar da ake yi wa ƙwaya a ɗakin gwaji ta 'yan sa'o'i ce, tana ɗaure daram. Ta hanyarmu kwana da kwanaki ce, a cikin katan da ya riga ya sha ɗauka da saukewa. Sannan a zo a yi layi a bakin gada ana jiran duwan, wato kwastan, rana na dukan ƙarfe, cikin kwantena ya haura digiri 60.

Kada in tsorata ku fiye da kima. Digiri 60 ba ya kunna lafiyayyar ƙwaya, kun ji an gwada ta a 72. Abin da yake yi shi ne ya tsufar da ita, ya kuma matso da mai rauni kusa da bakin rami. Ƙwayar da ke da ɓoyayyen aibi, ga caji cike, ga duka, ga zafi, ita ce ke farawa.

Abin da ya fi damuna shi ne, daidai inda hanya ta fi muni, nan ne takardu ke ƙarewa. A Shenzen ta Sin akwai mai dubawa, a jirgin ruwa akwai mai dubawa. Da an fasa kwantena a Duwala ko Ngaundere an raba kaya, sai katan mai alama ya zama abin ƙyama, saboda yana jawo tambaya a shingen hanya. A yage alamar, ko a juye ƙwayoyin cikin wani kwali don a rage girma, a cire 'yan robobin da suka raba su. Daga nan sunansu ya koma kaya kawai. Ƙasashen CEMAC suna da dokar ɗaukar kaya masu haɗari ta mota tun 1999, amma a zahiri tankar mai da ta gas ake kallo da ita. Duwan na maƙala wa motocin da ke wucewa Cadi na'urar bin sawu, tana gaya musu inda mota take, ba ta gaya wa kowa abin da ke ɗumama a cikinta.

Kuma mun san yadda muke lodi. Katifa a sama, buhunan sukari a ƙasa, fenti, turare, man gyaɗa, babura, wani lokacin jarkokin zuwa-zuwa, wato man sumoga, a gefe, fasinja a can ƙoli. Mutanen Kamaru ba su manta da 27 ga Janairu 2021 ba, ranar da motar fasinja ta yi karo da mai ɗauke da man sumoga a gangaren Cang, mutum fiye da 50 suka ƙone. Ba batir ne ya yi wannan ba. Na kawo shi ne don fetur yana buƙatar wanda zai kunna shi, ita kuwa ƙwaya da ashanarta take tafe. Haɗa su mota ɗaya ganganci ne.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma ku duba wanda tsautsayin ke samu. Mai kaya yana shagonsa yana jiran waya. Direba ne a kan kayan, da yaron mota da ke kwana ƙarƙashinta, da ɗan dako da zai jefo katan daga sama don ba wanda ya ce masa kada ya jefa. Malamanmu na nan, su gyara mini in na kuskure: a fiƙihun da muka tashi a kai, mai sayarwa ba shi da halin ɓoye aibin hajarsa. Idan ɓoye aibin da zai jawo wa mutum asarar kuɗi haramun ne, ina ga wanda zai jawo masa asarar rai? Direban da aka ce masa fitilu ne, an karɓi yardarsa a kan abin da bai sani ba. A ganina wannan shi ne babban laifin da ke cikin harkar, ya fi rashin katan mai kyau, domin direban da ya sani zai nemi inuwa, zai ware kayan kusa da ƙofa, ba zai ɗora musu injin niƙa ba. Na san faɗin gaskiya na da tsada, wataƙila direba ya ƙara kuɗi, wataƙila a shinge a nemi na goro fiye da kullum. Ku lissafa wannan da kuɗin tirela ɗaya da kayan mutum 30 da ke cikinta.

Akwai kuma kayan da ba su taɓa ganin takarda ba tun asali, su ne ƙwayoyin da aka ciro daga tsofaffin baturan kwamfuta. Wasu daga Duwala suke zuwa, wasu ta Maiduguri, Gamboru da Fotokol. Ba na raina wannan sana'a, samari da yawa na ci da ita, kuma sau da yawa batirin da ya mutu ƙwaya ɗaya ce ko biyu suka lalace, sauran lafiya lau. Sai dai su ne mafi haɗari a tafiya. An ɓamɓare su da filaya, rigarsu ta yage, ga guntun ƙarfen walda mai kaifi a baki, ba wanda ya san tarihinsu. Kuma idan tarkace ne aka tsallako da shi iyaka da sunan gwanjo, akwai yarjejeniyar Basel ta 1989, da ta Bamako ta 1991 wadda Kamaru ke ciki, da ta hana shigo da shara mai guba Afirka. An yi ta Bamakon ne bayan abin da ya faru a garin Koko na Najeriya a 1988, inda aka jibge gangunan guba daga Italiya a filin wani bawan Allah.

Mai gyara, tantancewa a inda aka ciro ƙwayar ake yin ta, kafin ta hau mota. Ka sa mita. Wadda ta faɗi ƙasa da bolt 2 ka fitar da ita, domin tagullar cikinta na iya narkewa, idan ka tilasta mata caji sai ta tsiro ta huda ledar, wataƙila ba ranar ba, wataƙila a ɗakin wanda ya saya. Mai tsatsa, mai lotsawa, mai wani wari zaƙi-zaƙi, duk waje. Wadda ta tsira ka goge bakinta, ka sake mata riga da zobe, ka sauke cajinta zuwa wajen bolt 3.6, ka liƙe kanta da salatif, ka jera su tsaye da kwali a tsakani yadda ko an girgiza katan ba za ka ji motsi ba. Manyan shuɗayen kuma a rufe kusoshinsu, a tsayar da su yadda masana'anta ta tsayar, kada a bar sifana ko waya kusa. Sannan ka rubuta a jiki da manyan baƙaƙe, da Faransanci da Larabci, har da Hausa in da hali, cewa batirin litiyam ne, kada a jefa. Duk wannan bai kai kuɗin ƙwaya biyu ba.

Idan kuma abin ya faru, direbobi ku saurara. Alamar farko wari ne, ko ƙara kamar tsaki, ko farin hayaƙi mai kauri da ke bin ƙasa. Wannan hayaƙi guba ne, akwai sinadarin da ke ƙona huhu a cikinsa, kuma yana iya fashewa idan ya taru a rufaffen wuri. Kada ka buɗe ƙofar kwantena ka leƙa. Ka fitar da mota daga cikin mutane da sauran motoci in akwai hali, ka cire kan tirela, kowa ya koma ta inda iska ke fitowa. 'Yar tukunyar hoda da ke ƙarƙashin kujera za ta kashe harshen wuta, ba za ta sanyaya ƙwaya ba. Maganin ruwa ne, mai yawa, a daɗe ana zubawa daga nesa. Mutane da yawa sun ɗauka ruwa ba ya haɗuwa da litiyam. Ga irin mai caji da muke magana a kai, ruwan ne 'yan kwana-kwana ke amfani da shi ko'ina a duniya. Idan ƙwaya ɗaya ce ko biyu a shago, ka ture ta waje da shebur, ka zuba mata ruwa ko ka binne ta da yashi. Kuma bayan wuta ta mutu kada a mayar da ragowar cikin sito, tana iya sake tashi bayan sa'o'i, har bayan kwanaki.

Abu na ƙarshe ya shafi Kuseri ita kanta. Garin nan mazauni ne na kaya, suna kwana a nan kafin su haye Injamena, kuma situnanmu a tsakiyar kasuwa suke, bango ɗaya da masu atamfa da masu katifa. Ga ruwa. Mun ga abin da Logon ya yi a 2022, ya kuma maimaita a 2024. Ƙwayar da ta kwana cikin ruwa ta zama mai aibi ko da ta bushe ta nuna caji a mita, domin tsatsa na ci a ƙarƙashin riga inda ido ba ya gani. A doka ba ta sake tafiya a matsayin sabuwa, kuma bai kamata ta koma kan tebur ba. Don haka katan ɗin batir a kan katako ake ɗora shi, sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, nesa da kwanon rufi, kuma ba a barin caji a kunne a kulle shago a tafi gida.

Roƙona ga shugabannin kasuwa da na direbobi shi ne su zauna da magajin gari da duwan da 'yan kwana-kwana a kan abu biyu. A ware fili ɗaya a bayan gari, mai inuwa da ruwa kusa, inda motar da ta bayyana tana ɗauke da batir za ta jira, a kuma sallame ta da wuri maimakon a tsananta mata, domin muddin wanda ya faɗi gaskiya shi ne zai fi daɗewa a rana, ba wanda zai sake faɗa. Sannan a samar da wurin tara matattun ƙwayoyi, ko da ganguna ne da busasshen yashi a ƙarƙashin rumfa, da mutum ɗaya mai kula. A yanzu bola suke tafiya, yara na tsinta suna fasawa, kuma bolar ma wuta ake sa mata.

Na ga masu sola suna ta rubutu, na san akwai tambaya a kan manyan ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan daraja ta biyu. Shugaba, in ka ba da izini, sai mu fara da su.